Gwiwar Hannun Bahaguwa

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe wai na bar Bahaguwa a bakin fili na tafi, to ga ta na kawo muku. Wadda ta ce za ta fice daga zauren nan in ban sako yau ba, ki dawo ki gyara zama.

*

Ko igiyar takalminta ba ta gama ɗaurewa ba aka leƙo aka ce Koci na nemanta.

Ofishin nasa ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan inda 'yan wasa ke canza kaya. Jakunkunan sandunan kurket a jingine har bakin taga, ko'ina warin man shafawa da tsofaffin safar hannu. Kullum ta shigo sai ya tare ta da tsokana, wai ga mai cin abinci da hagu ta zo. Yau ko murmushi bai yi ba.

"Zauna, 'yata."

"Koci, ana jirana a ragar atisaye. Walƙiya har ta fara ɗumama jiki."

"Yau ba za ki yi jifa ba."

Ta tsaya da hula a hannu.

"Kafaɗata lafiya lau. Likita ta duba jiya."

"Ba maganar kafaɗa ba ce. Hukumar wasa ta dakatar da ke."

Sai a lokacin ta zauna.

Shekarunta uku tana jifa wa ƙungiyar nan, ko gargaɗi alƙalin wasa bai taɓa yi mata ba. Da wannan hannun na hagu ta yi suna, har sunanta na yanka ya ɓace a fili, kowa sai Bahaguwa. Da shi ne wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje ta gan ta, ta ce tana so. Tafiyar saura 'yan kwanaki. Akwatinta ma yana gida a buɗe, rabi a cike.

"Me na yi?"

"Sun ce kina lanƙwasa gwiwar hannu."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

A kurket mai jifa ba ta wurga ƙwallo irin na mai jifan mangwaro. Hannu a miƙe yake zagayowa ta saman kai. Wadda ta lanƙwasa gwiwar hannu ta kuma miƙar da ita wajen sakin ƙwallo, ha'inci ta yi. Kuma duk wadda wannan suna ya manne wa, ko an wanke ta, 'yan kallo ba sa mantawa.

"Koci, kai ka san hannuna."

"Na sani. Amma an tura musu bidiyo."

Ya juyo mata da kwamfutarsa, ya danna.

Ita ce. Tsohuwar rigar atisaye a jikinta. Ta taho da gudu, ta ɗaga hannu, gwiwar ta lanƙwashe sarai, ko makaho ya shafa ya ji. Ta sake jifa, haka. Ta sake, haka.

Amma ba hannun take kallo ba.

Bangon take kallo. Bangon da aka zana wa sandunan nan uku da mai jifa ke hara, da gawayi. Igiyar shanya ta ratsa ta sama, zanen gadon Mama mai furanni yana lilo a kai. Ga bokitin da ya fashe a gefe, wanda suke tara ƙwallaye a ciki.

Bayan gidansu ne.

Ta tuna ranar sarai. Bara ne, lokacin da ta faɗi a kan kafaɗa, ta yi makonni ba ta wasa. Da ta fara dawowa, zafi ke sa ta karya hannun ba ta sani ba. Yayanta ne ya ɗauke ta a waya don ta ga kuskuren da idonta. Duk jifa ɗaya sai ya ce, "Kin gani? Ciwon ne ke sa ki. Sake." Haka suka yi ta yi har hannun ya miƙe, kafin ta koma fili.

"Ƙara murya," ta ce.

"Babu murya. Haka aka turo shi."

Ta runtse ido.

"'Yata, waye ya ɗauki wannan?"

Ta buɗe ido, ta sake kallon bangon.

"Ina ne nan?"

"Yanzu me zai faru, Koci?"

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya shafa furfurar gemunsa.

"Za su gwada ki da na'ura. In hannunki lafiya, za su sake ki, kuma na san lafiya yake. Sai dai sa ranar gwajin ba yau ba ne, ba gobe ba. Mutanen can kuma gasarsu ta ƙarato. Na kira su da safe, na roƙe su. Sun ce ba za su iya jira ba, za su nemi wata."

"Wa?"

"Ba su faɗa ba."

Ta miƙe, ta sa hularta. Har ta kai ƙofa ya ce,

"Wanda ya yi wannan ya san kurket, kuma ya san ki. Ki yi a hankali."

*

A ɗakin canza kaya kowa ta yi tsit da ta shigo. Labari ya riga ta isowa. Wasu suka sunkuyar da kai suna gyaran abin da bai lalace ba. Walƙiya ce ta taso da gudu ta rungume ta.

Tun suna aji ɗaya suke tare. Ita ma mai jifa ce, da hannun dama take yi, saurin ƙwallonta ya sa aka raɗa mata sunan. Rabin kwananta a gidansu Bahaguwa take yi, har Mama ta ware mata filo da kofi. In ƙungiya ta yi tafiya, ɗaki ɗaya ake ba su ba tare da an tambaya ba.

"Ƙawata, wallahi jikina rawa yake," ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wane mara tsoron Allah ne wannan?"

"Ban sani ba."

Walƙiya ta ja ta gefe, ta rage murya.

"Ni fa na sani. Tun ranar da aka ce ke aka zaɓa, Kaftin ba ta sake yi miki kallon arziki ba. Kin ga yadda ta tafa ranar? Kamar mai kashe sauro."

Bahaguwa ta kalli can ƙarshen ɗakin, inda Kaftin ke zaune ta zabga tagumi.

"Kaftin ba ta san hanyar gidanmu ba."

Hannun Walƙiya ya saki kafaɗarta.

"Gidanku kuma?"

"A bayan gidanmu aka ɗauka."

"Ikon Allah." Ta goge ido da bakin riga. "To bari in ɗauko jakata in raka ki."

"A'a. Yi atisayenki."

"Haba, a wannan halin?"

"Yi atisayenki, Walƙiya. Ɗayanmu dai ta yi jifa yau."

*

Rana na tsaka ta isa gida. Tun daga ƙofa take jin ƙarar keken ɗinkin Mama. Ta yi sallama, Mama ta amsa ba ta ɗago ba, allura a bakinta.

"Auta, har an tashi?"

"Yaya na nan?"

"Yana ɗakinsa. Ki ci abinci tukuna."

"Na ƙoshi."

Ɗakin Yaya rabi wurin kwana ne, rabi wurin aiki. Tun da gwiwar ƙafarsa ta raba shi da fili ya koma gyaran sandunan kurket. A kawo masa wadda ta tsage, ya liƙe, ya ɗaure da zare, ya sa sabuwar roba a mariƙi. Shi ya fara wasan a gidan. Shi ya zana sandunan nan a bango bayan rasuwar Baba, ya ɗora mata ƙwallo a hannu tana 'yar mitsitsiya, lokacin da maƙwabta ke cewa ya rasa abin koya wa ƙanwa sai jifa.

Ta same shi a kan benci, sanda a cinya, yana goga mata mai. Wayarsa na kan tebur kusa da gwangwanin gam.

"Ah, 'yar ƙasar waje. Yau da wuri haka? Ko sun turo jirgi har fili?"

Ta maida ƙofa ta jingina da ita.

"An dakatar da ni."

Hannunsa ya tsaya. Daga nan ya ci gaba da gugar.

"Dakatarwa kamar yaya?"

"Wai ina karya hannu."

"Ke? Zancen banza. Wa ya faɗa?"

"Bidiyonka ya faɗa, Yaya."

"Wane bidiyo?"

"Na bara. Na bayan gida. Wanda ka ce min ka goge."

Ya ajiye sandar a hankali, kamar ƙwai.

"Na goge mana."

"To daga ina ya taso?"

"Yo ina zan sani? Waya ce fa. Kwanaki na kai ta gyara, kin san yaran nan da shige-shige."

"Mai gyaran waya."

"Zai yiwu."

"Mai gyaran waya ya san dokar gwiwar hannu? Ya san hukumar da ake tura wa? Ya san ya cire muryarka, wurin da kake cewa ciwo ne ke sa ni?"

"Auta, ki iya bakinki. Da yayanki kike magana."

"Da shi nake magana, shi ya sa ban ɗaga murya ba."

Ya miƙe, ya ɗingisa zuwa taga, ya juya mata baya. Ta bi ƙafar da kallo. Duk ranar da ta ci wasa, wannan ƙafar take fara tunawa. Kofin farko da ta samu, a kan teburinsa ta ajiye, har yau yana nan cike da ƙusoshi.

"Kalle ni ka ce ba ka sani ba," ta ce. "In ka faɗa, wallahi zan yarda. So nake in yarda."

Bai juyo ba.

"Yaya."

"Yaushe kika yi niyyar faɗa min?"

"Faɗa maka me?"

"Cewa ba da ni za a tafi ba."

Ta sunkuyar da kai.

Gaskiya ne. Tun farko ta yi masa alkawari duk inda wasa ya kai ta, da shi za ta je a matsayin mai horar da ita. Ta roƙi mutanen can har sau biyu, suka ce suna da nasu masu horarwa. Ta amsa musu za ta zo ita kaɗai. Kullum ta zo faɗa masa sai ta same shi yana lissafin irin rigar sanyin da zai saya, bakinta ya mutu.

"Na roƙe su, Yaya. Sun ƙi."

"Sun ƙi, ke kuma kika ce to."

"Me kake so in ce?"

Ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ki ce ba ki zuwa sai da wanda ya yi ki. Wa ya tsaya miki a rana kina jifa kamar mai korar kaji? Wa ya je ya durƙusa wa Mama ta bar ki ki sa wando ki shiga fili? Da wannan gurguwar ƙafar nake bin ki gari-gari, ina riƙe miki jaka. 'Yan jarida su zo, a ture ni gefe, a ce malam matsa kana tare haske. Ban taɓa cewa komai ba. Na ce ai tare za mu ci. Ashe ni tsani ne."

"Ban taɓa ɗaukarka tsani ba."

"Har telan rigata na gaya wa. Abokaina suna ce min sai mun ga hoto. Ke kuma kin sani, kina kallona ina zuba, kina murmushi."

Hawayen da ta riƙe tun ofishin Koci suka zubo.

"Na yi laifi da ban faɗa maka ba. Na yarda. Ka zage ni, ka daina min magana, ka ce kada in sake shigo maka ɗaki. Amma hannuna, Yaya? Hannun da kai ka miƙar? Ka san abin da za a riƙa kirana a fili daga yau? Yara za su riƙa lanƙwasa hannu in na wuce."

"Za a gwada ki, a wanke ki. Ba mutuwa ba ce. Baɗi wasu za su zo."

Ta daina kukan cak.

"Ban ce maka za a gwada ni ba."

"Ai kowa ya san haka ake yi."

"Kuma ka riga ka lissafa har baɗi."

Ya kau da kai.

Ta share fuska da bayan hannu. Wani abu ya faɗo mata a rai.

"Tsaya. Wa ya faɗa maka ba da kai za a tafi ba?"

"Wannan ba shi ne zancen ba."

"Koci bai sani ba. Mama ban faɗa mata ba. Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, a mota, muna dawowa daga wasa, na ce ta rufa min asiri har in samu bakin gaya maka."

"Auta, ki bar jawo mutane cikin maganar gida."

"Yaya, ka tura ko ba ka tura ba?"

Ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi bidiyon nan bai fita daga wayata zuwa hukuma ba. In na yi ƙarya kada Allah ya ba ni abin da nake nema."

Ta tsaya tana kallonsa. Yaya na da faɗa, yana da riƙo, amma ba ta taɓa jin ya rantse a kan ƙarya ba. Zuciyarta ta fara lallashinta. Wataƙila haushi ne kawai yake ji. Wataƙila da gaske wani ne ya shiga wayar. Har ta buɗe baki za ta ce ya yafe mata.

Wayar ta hau ruri a kan tebur.

Su biyun suka kalle ta tare. Sunan da ya fito a fuskar wayar kalma ɗaya ce: Tawa. A ƙarƙashinsa hoton mace tana dariya, sanye da hular da Bahaguwa ta ba ta kyauta da hannunta.

Walƙiya.

Ya yunƙuro, amma ƙafar ba ta ba shi sauri ba. Ta riga shi. Ta danna, ta buɗe murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Masoyi, kana ina?" Muryar Walƙiya ce, cike da zumuɗi. "Mutanen ƙasar wajen sun kira ni yanzun nan. Ni za su ɗauka. Na yi musu maganarka kamar yadda muka yi, sun ce in na zo za a duba. Ka ji? Kana jina?"

Yaya ya dafe bango.

"Amma ka yi hankali, ta taho gida. Ta gane bayan gidanku ne. Ka ce mata mai gyaran waya, kada ka canza magana."

Bahaguwa ta kai wayar kusa da bakinta.

"Bai canza ba. Haka ya ce."

Ta cikin wayar ana jiyo ƙarar ƙwallo na dukan sanda a can raga, da muryar Koci yana kiran wata.

"Ƙawata..."

"Kada ki sake kirana da wannan sunan."

"Ki tsaya ki ji."

"Ina ji. Ɗazu a kafaɗata kika yi kuka, rigar ma ba ta bushe ba. Faɗi, ina ji."

"Ba yadda kike zato ba ne."

"Tun yaushe kuke tare?"

Ta juya ta kalli Yaya.

"Yaya, tun yaushe?"

"An kwana biyu," ya ce a ƙasan maƙoshi.

"An kwana biyu." Ta gyaɗa kai. "Ina kwana da ke a gado ɗaya, ina faɗa miki abin da ko Mama ban faɗa wa ba, ashe kwasa kike kina kai masa. Da kin ce min kina son tafiyar nan, Walƙiya, da ni zan fara kai sunanki. Kin san zan yi."

"Kullum ke ce," Walƙiya ta ce, muryar ta canza, ta bushe. "Tun muna makaranta. Ni in jefa, a ce ba laifi. Ke ki jefa, a miƙe tsaye. Ko gidanku na zo, ƙawar Auta ce sunana. Na gaji da zama ƙawar wata."

"Shi ne kika tura."

"Ban tura ba."

"Shi ya rantse bai tura ba, ke kin ce ba ki tura ba. Aljanu ne suka tura?"

"Ni murya kawai na cire. Shi ya nemo inda ake turawa. Da aka zo dannawa ya ce ba zai iya ba, ni ma na ce ba da wayata ba."

"To da wayar wa?"

"Walƙiya, kashe wayar nan," Yaya ya ce da sauri.

"Da wayar wa, na ce?"

"Ki tambayi 'yan gidanku."

Ƙit, ta katse.

Bahaguwa ta ɗago tana kallon yayanta. Shi kuma ba ita yake kallo ba. Bayanta yake kallo, bakinsa a buɗe.

Ta juya.

Ƙofar a buɗe take, ba ta san lokacin da aka tura ta ba. Mama na tsaye a bakin ƙofar, hannayenta a harɗe, fuskarta babu alamar mamaki ko kaɗan.

"Ajiye masa wayarsa, Auta," ta ce. "Ni na danna."